Ƙarancin Nono Da Jinkirin Girman Jariri

Daga cikin maganganun da a kan ji a bakin masu jego, da wuya a sami wadda ta kai wannan yawa: "Nonona ba ya isar yaron nan." Uwa ta faɗa, kaka ta gaskata, uba kuwa ya shiga tunanin kuɗin madarar gwangwani. Sau da yawa kafin jariri ya yi arba'in an riga an soma ɗura masa ruwa, ko koko, ko madara, duk don gudun kada ya rame. Tsoron nan ba abin raini ba ne, gama ƙauna ce ta kawo shi. Amma fa galibi abin da a ke yi don maganin ƙarancin nono shi ne ya ke jawo ƙarancin.

Watakila wani ya ce, me ya haɗa makarantar horon malamai da zancen goyo? To, ai a cikinmu akwai ɗalibai mata masu goyo, akwai malamai masu iyali, sauran kuwa suna kan hanya. Ban da wannan, duk wanda ya taɓa koyarwa a ƙauye ya san malamin makaranta ba a bakin allo aikinsa ya ke ƙarewa ba. Shi a kan kawo wa takarda ya karanta, shi a kan nuna wa katin asibiti a ce, "Malam, me suka rubuta a nan?" Saboda haka ya kamata ko wannenmu ya san yadda nono ya ke samuwa, da yadda jariri ya ke girma, da kuma yadda za a bambanta rashin girma na gaskiya da wanda zato ne kawai.

Randa Da Rijiya

Bari mu ɗauki misali daga Ushafa, wani gari na Gbagyi a gindin duwatsu, cikin yankin Bwari, kusa da madatsar ruwa ta Usuma wadda ke shayar da birnin Abuja. Garin ya yi suna wajen ginin tukwane, har shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarce shi a shekarar 2000. Matan wurin sun san randa ciki da waje. Sun san komai girmanta, in ana ɗiba ba a zubawa, sai ta ƙare. Don haka mai hankali ya kan yi tattalin ruwan randa.

Mata da yawa, a Ushafa da ko'ina, haka su ke ɗaukar mama, watau kamar randa. Sai ka ji uwa ta ce bari ta jinkirta ba yaro don nonon ya taru, ko ta ba shi ruwa da rana don ta rage masa na dare. Alhali kuwa mama da rijiya ya yi kama. Rijiya mai ido, in aka ja ruwa sai wani ya ɓuɓɓugo, in kuwa aka bar ta sai ruwan ya tsaya inda ya ke. Haka Allah ya tsara jikin mace.

Ga yadda abin ya ke. Sa'ad da jariri ya kama mama yana tsotso, sai saƙo ya tafi ƙwaƙwalwar uwa, ita kuwa ta saki sinadari iri biyu cikin jini. Na ɗaya, wanda likitoci ke kira furolaktin, shi ke sa mama ya haɗa nonon da za a sha nan gaba, kuma ya fi fitowa da dare. Wannan ne ya sa shayarwar dare ta ke da amfani ƙwarai. Na biyu, oksitosin, shi ke matso nonon da ya riga ya haɗu ya gangaro zuwa kan mama. Shi wannan na biyu yana tafiya da halin da zuciyar uwa ta ke ciki. In ta ji kukan ɗanta, ko ta rungume shi hankalinta kwance, sai nono ya zubo. In tana cikin fargaba, ko ciwo, ko an ɓata mata rai, sai ya ɗan tsaya na wani lokaci, amma ba ya ƙafewa saboda haka. Har wa yau, idan mama ya cika aka bar shi a cike, jiki ya kan ɗauka ba a bukatar ƙari, sai ya rage yi. In kuwa ana yawan ɗebewa, sai ya daɗa yi. Shi ya sa mace ɗaya ta kan iya shayar da tagwaye su ƙoshi.

Mace mai shayarwa, in an ɗauki matsakaici, ta kan samar da wajen kashi 3 cikin 4 na lita a kowace rana. Girman mama ko ƙanƙantarsa bai shafi wannan ba, gama kitse ne ke sa mama girma, ba wurin haɗa nono ba.

Yadda Jariri Ya Ke Girma

Abu na farko da ke firgita iyaye shi ne kwanakin farko. Nono na fari, watau dakashi, kaɗan ne, ga kauri, ga launin rawaya. Waɗansu su kan ce ƙazanta ne, su matse su zubar, su riƙa ba jariri ruwa ko zuma har farin nono ya zo. Wannan hasara ce babba. Cikin jariri a ranar farko ƙarami ne ƙwarai, abin da ya ke sha a lokaci guda bai wuce ƙaramin cokali 1 ko 2 ba, dakashi kuwa daidai da wannan a ka yi shi. A cikinsa akwai garkuwa daga cututtuka, kuma shi ke wanke baƙin kashin nan na farko daga hanji. Zuma kuwa ba a ba yaron da bai kai shekara 1 ba, don tana iya ɗauke da ƙwayar wata cuta mai shanye jiki. Abin da a ke so shi ne a sa jariri a mama cikin awa 1 da haihuwa. A rana ta 3 ko ta 4 sai nono ya sauko sosai.

A cikin kwanakin nan kusan kowane jariri ya kan rage nauyi, don yana fitar da ruwan jiki da kashi fiye da abin da ya ke sha. Ragewar kan kai kashi 7 cikin 100, in ta yi yawa kashi 10. Mu malamai ne, bari mu yi lissafi. Jaririn da aka haifa da kilo 3, kashi 10 cikin 100 na nauyinsa giram 300 ke nan. To, in ya sauka ƙasa da kilo 2.7, lalle ne likita ya duba shi. In bai kai nan ba, kuma yana shan mama sosai, a sa ido kawai. Kafin ya cika sati 2 ya kamata ya koma nauyinsa na haihuwa.

Daga nan sai hawa. Bisa ga ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, matsakaicin jariri namiji a kan haife shi da kilo 3.3. A wata 1 ya kai 4.5, a wata 2 ya kai 5.6, a wata 3 ya kai 6.4, a wata 4 ya kai 7.0, a wata 5 ya kai 7.5, a wata 6 ya kai 7.9, in ya shekara kuwa 9.6. Mace ta kan ɗan yi ƙasa da haka: 3.2 a haihuwa, 7.3 a wata 6, sa'an nan 8.9 a shekara.

Mai karatu ya sake duba lambobin nan da kyau. A watan farko yaro ya ƙara fiye da kilo 1, amma daga wata 5 zuwa 6 giram 400 kaɗai ya ƙara, watau ko rabin na farko bai kai ba. Ashe saurin girma raguwa ya ke yi da kansa ko ga lafiyayyen yaro. A nan ne iyaye da yawa su ke ruɗewa. Sun saba ganin yaro yana cika ido sati-sati, da ya kai wata 4 suka ga abin ya lafa, sai su ce nono ya ƙare. Kuma a tuna lambobin nan na matsakaici ne. Rabin yara masu lafiya suna ƙasa da su, rabi suna sama. Ɗan gajerun iyaye ba lalle ne ya kamo ɗan dogaye ba.

Shaidun Da Ba A Karɓa

Alƙali ba ya yanke hukunci da kowace shaida. To, a shari'ar ƙarancin nono ma akwai shaidun da a ke yawan kawowa waɗanda ba su tabbatar da kome.

Na farko kuka. Jariri ya kan yi kuka don zafi, ko sanyi, ko jiƙa, ko iska a ciki, ko gajiya, ko don yana son a ɗauke shi kawai. Kukan nan ya kan ƙaru har wajen sati 6, musamman da yamma, sa'an nan ya soma raguwa.

Na biyu yawan neman mama. Nonon uwa yana saurin narkewa, saboda haka jariri ya kan sha sau 8 zuwa 12, ko fiye, tsakanin dare da rana. Akwai kuma waɗansu kwanaki, galibi wajen sati 2, da sati 6, da wata 3, da yaro zai manne wa mama kamar ba zai saki ba. Yana ƙara wa rijiya zurfi ne. In aka bar shi ya sha yadda ya ke so, cikin kwana 2 ko 3 nono zai ƙaru daidai bukatarsa.

Na uku laushin mama. A satin farko mama ya kan cika ya yi tauri har ya riƙa zuba. Bayan 'yan makonni sai ya yi laushi, zuba ta tsaya. Wannan alama ce jiki ya gane gwargwadon abin da a ke bukata.

Na huɗu matsa. Uwa ta matsa ta ga ɗan kaɗan ya fito, sai hankalinta ya tashi. Ai jariri ya fi hannu iya fitar da nono nesa ba kusa ba.

Na biyar launi. Nonon da ya fara fitowa tsararo ne kamar ruwa, don kashe ƙishirwa, na ƙarshe kuwa shi ne mai maiƙo. Wadda ta matsa ta ga tsararo kada ta ce nononta ba shi da kyau. Haka nan gwajin da a kan yi a waɗansu wurare, a jefa tururuwa cikin nono a ga ko za ta mutu, ba ya nuna kome game da lafiyar nonon.

Shaidun Gaskiya

Shaidu biyu ne abin dogara, fitsari da sikeli. Jaririn da ya wuce kwana 5, wanda nono kaɗai ya ke sha, in yana fitsari sau 6 ko fiye a kwana, fari ba mai wari ba, to, yana samun abin da ya ishe shi na ruwa. Amma wannan shaida tana ɓaci in ana ba shi ruwa, don zai yi ta fitsari alhali yunwa na cinsa. Kashi ma ya kan taimaka a farko: zuwa rana ta 5 ya kamata ya juya daga baƙi ya koma rawaya mai laushi. Bayan sati 6 waɗansu masu shan nono zalla su kan yi kwanaki ba su yi kashi ba, in dai ya fito da laushi babu damuwa.

Sikeli kuwa shi ne babban alƙali. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wajen jariri ido ya kan yi kuskure, gama mai ganin yaro kullum ba ya lura da canji. Abin da ya kamata a riƙe shi ne wannan: in jariri ya cika sati 2 bai koma nauyin haihuwa ba, ko kuwa a watanni 3 na farko yana ƙara ƙasa da rabin kilo a wata, to, ba ya samun isasshe, sai a bincika dalili.

Katin Awo

Katin nan da a ke ba uwaye a asibiti yana da tarihi a ƙasar nan. Wani likita Bature mai suna David Morley ya zo Nijeriya a 1956, ya yi aiki a asibitin Wesley Guild na Ilesha da ƙauyen Imesi-Ile, a jihar Osun ta yanzu. Ya riƙa auna yaran ƙauyen wata-wata, sai ya lura yaro ya kan daina ƙara nauyi tun da daɗewa kafin ciwon tamowa ya bayyana a jikinsa. Daga nan ya tsara kati wanda a ke ɗiga nauyin yaro a kai, a haɗa ɗige-ɗigen su zama layi, kuma ya ce uwa ce za ta riƙe katin a gida. Dabarar ta bazu ƙasashe da yawa.

Karatun katin ba wuya. Ba a duba ɗigo ɗaya, inda layi ya nufa a ke dubawa. Layi mai hawa lafiya ke nan, ko da yaron ƙarami ne. Layin da ya kwanta, watau wata da wata nauyi bai motsa ba, gargaɗi ne. Layi mai gangarowa kuwa hatsari ne. A yi awon a sikeli ɗaya in da hali, a tuɓe wa yaro kaya masu nauyi. Ranakun rigakafi, watau sati 6, da 10, da 14, da wata 9, duk dama ce ta awo, amma abin da ya fi shi ne kowane wata.

Akwai wani abu kuma da ya kamata a sani. Ma'aunin da duniya ta daɗe tana aiki da shi tun 1977 an gina shi ne bisa yaran Amurka waɗanda yawancinsu madarar gwangwani su ka sha. Su kuwa irin waɗannan yara sun fi masu shan mama nauyi daga wajen wata 3 zuwa shekara. Sai ya zamana a kan ɗauki lafiyayyen yaro mai shan mama a ce ba ya girma. Don gyara wannan, Hukumar Lafiya ta Duniya ta auna yara sama da 8,000 a ƙasashe 6, watau Gana, da Indiya, da Oman, da Norwe, da Barazil, da Amurka, tsakanin 1997 da 2003. A 2006 ta fitar da sabon ma'auni wanda ya mai da yaro mai shan mama shi ne abin kwatance. Lambobin da muka kawo a baya daga cikinsa su ke.

In Da Gaske Nauyi Ba Ya Ƙaruwa

Ruwa ba ya tsami banza. Idan sikeli ya nuna yaro ba ya girma, akwai dalili, kuma mafi yawa ba a jikin uwa dalilin ya ke ba, a hanyar shayarwa ne.

Babban dalili shi ne rashin kama mama da kyau. Jaririn da kan mama kaɗai ya ke tsotsa ya kan daɗe yana wahala ba ya samun abin kirki, uwa kuma kan mamanta ya tsage. Kamu mai kyau yana da alama 4: baki a buɗe sosai, leɓen ƙasa a juye waje, haɓa tana taɓa mama, sa'an nan baƙin da ke kewaye da kan mama ya fi fitowa ta saman baki bisa ta ƙasa. A juyo da yaro cikinsa ya fuskanci cikin uwa, kansa da jikinsa a miƙe. In kamu ya yi daidai za a ga yana zuƙa a hankali yana ɗan tsayawa, a ji yana haɗiya, uwa kuwa ba za ta ji zafi ba.

Dalili na biyu gajerta shayarwa. Mai ginin tukunya da yumɓu ke bushe mata, ko mai saurin kama motar Kubwa ko ta cikin birni da sassafe, ta kan cire yaro daga mama tun bai kai ga mai maiƙon ba. A bar shi ya gama da ɗaya ya saki da kansa, sa'an nan a ba shi ɗayan.

Na uku ƙarancin shayarwa. Akwai jariri mai yawan barci, musamman bakwaini, ko ƙarami, ko mai shawara. Irin wannan a kan yabe shi a ce ba shi da rigima, alhali ƙarfin kuka ne ba shi da shi. Shi ya fi mai kuka bukatar a sa masa ido. A farkon kwanaki a tashe shi ya sha, kada ya wuce awa 3.

Na huɗu rashin lafiyar yaro. Zazzaɓi, da mura mai toshe hanci, da ciwon baki, da ciwon zuciya, da tsagewar leɓe ko ganɗa, da tantanin ƙarƙashin harshe da ya ɗaure harshen, duk suna hana tsotso. Cire beli ma da wanzamai ke yi ya kan bar rauni a maƙogwaro, yaro ya ƙi mama, ban da zubar jini da shigar cuta.

Akwai kuma 'yan mata kaɗan waɗanda da gaske nononsu ba ya isa. Ya kan faru ga wadda ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa, ko ragowar mabiyiya ta tsaya mata a ciki, ko an taɓa yi mata aiki a mama, ko tana shan wani irin maganin tazarar haihuwa da ke rage nono, ko ta sami sabon ciki. Waɗannan ba laifinsu ba ne, kada a goranta musu. Likita ne zai duba, in ya ga yaro na bukatar ƙari, shi zai faɗi irinsa da yawansa, kuma a ci gaba da ba da mama tare da shi.

Waɗansu alamu kuwa ba a kwana da su. In jariri ya ƙi kama mama sam, ko jikinsa ya saki, ko maɗigarsa ta faɗa, ko fitsari ya ɗauke, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙwarai, ko yana numfashi da sauri, ko shawara ta kai tafin hannu da ƙafa, a garzaya da shi asibiti nan take. Mutanen Ushafa suna da babban asibitin Bwari da na Kubwa kusa da su.

Ruwa, Kanwa, Da Gwangwani

A watan Maris da Afrilu, sa'ad da zafi ya tsananta a ƙasar Abuja, da wuya kaka ta yarda a hana jikanta ruwa. Amma wajen kashi 87 cikin 100 na nono ruwa ne, kuma an gwada a ƙasashe masu zafi an ga yaron da ke shan mama yadda ya ke so ba ya bukatar ƙari. Ko da ruwan famfo ne da aka tace daga Usuma, ya kan cika ɗan cikin nan da abin da ba ya gina jiki. Yaro ya rage tsotso, nono ya ragu, sai a ce, "Kun gani ko, da ma mun faɗa." In ruwan ba shi da tsabta kuwa, ga gudawa. Uwa ce za ta sha ruwan, yaro ya samu ta mama. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2001 ta ba da shawara a shayar da nono zalla har wata 6. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi ya nuna a 2013 kashi 17 cikin 100 na jariran Nijeriya 'yan ƙasa da wata 6 ne ke samun haka, a 2018 kuwa kashi 29. An ci gaba, amma da sauran tafiya.

Mai jego tana bukatar ƙarin abinci da hutu. Tuwo, da wake, da kunun gyaɗa, da ganye irin su zogale, da kifi ko nama in an samu, duk suna da kyau. Amma babu abincin da zai kawo nono in yaro ba ya tsotso. Kunun kanwa kuwa a yi hattara da shi. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun gano yawan shan kanwa, tare da kwanciya bisa gadon wuta, yana da hannu cikin ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa.

Madarar gwangwani tana da ranarta, ga maraya ko wanda likita ya rubuta wa. Amma tsadarta ta kan sa a riƙa tsarma ta da ruwa don ta daɗe, yaro ya rame. Kwalbar da a ke ba da ita, watau fida, tana da wuyar wankewa, kuma yaron da ya saba da kan roba ya kan ƙi mama. Saboda irin wannan ɓarna ne ƙasashen duniya su ka amince da ƙa'idar taƙaita tallar irin wannan madara a 1981, Nijeriya kuma ta kafa tata dokar a 1990.

Wadda nononta ya ragu kada ta fid da rai. Ta ajiye aikin da zai ajiyu na 'yan kwanaki, ta rungume yaro fata da fata, ta riƙa ba shi dare da rana, ta matse abin da ya rage ta ba shi da ƙaramin kofi. Ruwa ko kokon da aka soma ba shi a daina, madara kuwa a rage ta sannu a hankali bisa shawarar ma'aikatan asibiti, ana bi da awo kowane sati. Galibi cikin sati 1 ko 2 za a ga canji.

In yaro ya cika wata 6, nono kaɗai ba ya isarsa kuma. A soma ba shi kunu mai kauri wanda zai tsaya a cokali, a sa gyaɗa ko waken soya, da ɗan manja, da ƙwai ko garin kifi, a ci gaba da mama har shekara 2. Yara da yawa a wannan lokaci ne layinsu ya ke kwanciya, don tsararon koko a ke ba su.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

Ɗaliba ko malama mai goyo, wadda dole ta shiga aji, ta shayar kafin ta fita da kuma da ta dawo, ta yawaita da dare. Ta wanke hannu ta matse nono a kofi mai tsabta mai murfi, a ajiye a wuri mai sanyi, mai reno ta ba yaro da kofi. A lokacin zafi kada ya wuce awa 4 a waje. Mu kuma abokan karatunta da malamanta mu sauƙaƙa mata, a ba ta 'yan mintoci da wurin da za ta keɓe.

Maza kuma ga namu. Mai jego ba ta rasa masu ba ta shawara, abin da ta ke rasawa shi ne mai ɗauke mata aiki da mai kwantar mata da hankali. Maigidan da ya sa aka ɗebo mata ruwa, ya kawo cefane, ya raka ta awo, ya kuma yi wa mahaifiyarsa bayani cikin ladabi, ya yi wa ɗansa abin da gwangwani goma ba za su yi ba.

In mun fita koyarwa, a Ushafa ne ko a wani gari, wata rana uwa za ta ce mana nononta ba ya isa. Kada mu ce mata ba kome, kada kuma mu ce ta sayi madara. Mu tambaye ta sau nawa yaro ke fitsari, sau nawa ya ke sha, me kuma a ke ba shi ban da mama. Sa'an nan mu ce ta kawo kati mu duba layi tare. In yana hawa, mu yi mata albishir. In ya kwanta ko yana sauka, mu tura ta asibiti ran nan, kada a jira ranar rigakafi. Magina sun ce tun ran gini ran zane, watanni 6 na farkon rayuwar yaro kuwa su ne ranar gininsa.

Allah ya raya mana 'ya'yanmu, ya ba uwayensu lafiyar shayarwa, amin.